Idan fulogin ya ƙi sabuntuwa a tsohuwar kwamfutar gida, daga ina za a fara?

Tsohuwar kwamfutar gida tana iya shekara tana aiki lafiya lau: tana kunnuwa, ana buga takardu da ita, yara suna kallon darasi a kanta. Rana ɗaya sai a buɗe burauza, wato manhajar shiga intanet kamar Chrome ko Firefox, a tarar da saƙo cewa wani fulogin, wato ƙaramar manhajar da ke ƙara wa burauza aiki, yana buƙatar sabuntawa, ko an kashe shi, ko an kasa sauke shi. A danna, a jira, shiru. Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne su cire shi su sake sakawa, su yi ta maimaitawa har data ta ƙare. Shawarata ita ce a ƙyale fulogin ɗin tukuna, domin a irin waɗannan kwamfutoci ba kasafai shi ne mai laifi ba. Shi yana zaune ne a kan burauza, burauza tana kan Windows, ita kuma Windows ta dogara da agogon injin da wurin ajiyarsa. Idan bango ya tsage daga sama, tushe magini ke fara dubawa. Haka za mu bi aikin, daga ƙasa zuwa sama.

Da farko, me ake ce ka sabunta?

Karanta saƙon da kyau kafin ka taɓa komai. Idan sunan da ke ciki Flash Player ne, ko Java, ko Silverlight, to babu wani gyara da za a yi, domin zamaninsu ya wuce. Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash a ranar 31 ga Disamba 2020, kuma daga 12 ga Janairu 2021 manhajar da kanta ta daina kunna komai. Chrome ta rufe ƙofar da Java da Silverlight ke shigowa ta cikinta tun 2015, Firefox ta biyo baya a 2017 da fitowar siga ta 52. Microsoft ma ya sallami Silverlight a Oktoban 2021.

Don haka duk shafin da ya tare ka yau da jan rubutu yana cewa Flash ɗinka ya tsufa, danna nan ka sabunta, ƙarya yake yi, kuma abin da zai sauke maka cuta ce. Ina jaddada wannan ne saboda masu tsofaffin kwamfutoci ake fi kamawa da wannan tarko: sun saba ganin irin saƙon shekaru goma da suka wuce, lokacin da gaskiya ne. Rufe shafin kawai. Idan har yanzu Flash yana cikin jerin manhajojin da ke kwamfutarka, shiga "Control Panel", sannan "Programs and Features", ka cire shi. Wanda ke da tsohon wasan yara ko darasin da aka gina da Flash, akwai wata manhaja ta kyauta mai suna Ruffle da ke iya kunna da yawa daga cikinsu ba tare da Flash ɗin ba.

Abubuwan da suka rage, waɗanda za a iya gyarawa, iri biyu ne. Akwai ƙananan manhajojin da kai ka ɗora wa burauza, kamar mai toshe talla, mai fassara, ko mai sauke bidiyo. Akwai kuma waɗanda burauza ke saukewa da kanta don kunna bidiyo, wato Widevine da OpenH264. Sauran bayanin nan duk a kansu ne.

Ɗauki biro da takarda

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta winver, danna "Enter". Zai nuna maka wace Windows kake da ita. Rubuta. Idan Windows 7 ce, duba ko an rubuta "Service Pack 1". Sai ka buɗe burauza: a Chrome rubuta chrome://version a wurin adireshi, a Firefox kuma about:support. Lambar farko ta sigar ita muke so, misali 109 ko 115. Rubuta ita ma, tare da ainihin kalmomin saƙon da ke fitowa. Ko da a ƙarshe wurin mai gyara za ka kai ta, wannan 'yar takardar za ta rage maka yawo da kashe kuɗi.

Kafin ka ci gaba, adana shafukan da ka yi wa alama. Danna Ctrl da Shift da O a tare, ka nemi "Export bookmarks", ka ajiye fayil ɗin a filasha. Ka kuma tabbata kana da kalmomin sirrinka a wani wuri ban da cikin burauzar.

Agogo

Kalli kusurwar dama ta ƙasan allo. Ba lokaci kaɗai ba, duba rana da wata da shekara. A tsofaffin kwamfutoci, musamman na hannu da aka shigo da su daga waje bayan sun yi shekaru a ofisoshin can, nan matsalar ta fi ɓuya.

Dalilin shi ne duk wani abu da burauza za ta sauke yana zuwa ne da takardar shaida ta dijital, mai ranar farawa da ranar ƙarewa. Burauza tana gwada waɗannan ranaku da agogon kwamfutarka. Idan agogon yana cewa muna 2009, a wurinta takardar da aka bayar bana ba ta ma fara aiki ba, sai ta ƙi karɓa. Wani lokaci takan faɗa maka ƙarara, ka ga "Your clock is behind" ko NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Amma sabunta fulogin a bayan fage ake yinsa, don haka sau da yawa yakan gaza ne shiru, babu wanda ya ce maka uffan.

A Windows 7, danna agogon, zaɓi "Change date and time settings", ka gyara rana da lokaci da hannunka. Duba yankin lokaci: ga mai zama a Najeriya ko Nijar, "West Central Africa" ne, wato UTC+01:00. Bayan nan ka shiga "Internet Time", ka danna "Update now". Ka fara gyarawa da hannu kafin wannan, domin idan tazarar ta yi yawa, daidaitawa ta intanet takan ƙi yiwuwa.

Yanzu ga gwajin da ya fi muhimmanci. Kashe kwamfutar gaba ɗaya, zare wayar wuta daga bango, idan laftof ce mai batirin da ake cirewa ka cire shi, ka bar ta minti goma. Kunna. Idan kwanan watan ya sake komawa baya, ɗan batirin da ke riƙe agogo ya mutu. A inda wuta ba ta yankewa mutum zai iya daɗewa bai lura ba, amma a gidan da ake ɗauke wuta kullum, kowace ɗaukewa tana mayar da agogon baya.

A kwamfutar tebur canja shi ba wuya. Zare wuta, kwance murfin gefe, taɓa ƙarfen akwatin da hannunka kafin ka taɓa komai a ciki. A kan babban faifan za ka ga wani ɗan abu zagayayye mai ƙyalli kamar kwabo, an rubuta CR2032 a bayansa, mai ƙarfin bolt 3. A gefensa akwai ɗan harshen ƙarfe da ya danne shi. Tura harshen da farce, batirin zai ɗago da kansa. Saka sabo, gefen da ke da alamar + yana kallon sama. Masu gyaran agogo da masu sayar da kayan kwamfuta duk suna da shi, kuma ba shi da tsada. Tunda ka riga ka buɗe, hure ƙurar da ta taru a fanka, wadda bayan hunturu ba ta da kaɗan. A laftof kuwa, sau da yawa batirin yana naɗe cikin leda da 'yar waya, a can ƙarƙashin madannai. Wannan kam a kai wa mai gyara.

Da ka kunna bayan canji, wataƙila baƙin allo ya nemi ka danna F1 ko F2. Danna, saita kwanan wata, ka ci gaba. Buɗe burauza ka ba ta 'yan mintuna da intanet a haɗe. Mutane da yawa a nan aikinsu ke ƙarewa.

Inda burauzarka ta tsaya

Idan agogo daidai yake, koma ga takardarka. Kowace tsohuwar Windows tana da iyakar sigar burauzar da za ta iya ɗauka, kuma babu dabarar da za ta tsallake da kai wannan iyaka.

A Windows XP da Vista, Chrome ta tsaya a siga ta 49, Firefox a 52 ESR (ESR layin Firefox ne da ake daɗewa ana aiko masa da gyara). A Windows 7 da 8.1, Chrome da Edge sun tsaya a 109, domin siga ta 110 da ta fito a Fabrairun 2023 sai Windows 10 zuwa sama. Firefox kuma a kan waɗannan ta tsaya a 115 ESR. Idan lambar da ka rubuta ta yi ƙasa da iyakar Windows ɗinka, akwai sauran hanya: sabunta burauzar tukuna. Idan kuma ka riga ka kai iyakar, ka san inda kake.

Yadda wannan ke shafar fulogin shi ne, mai ƙera shi yana iya rubuta mafi ƙarancin sigar burauzar da sabon aikinsa ke buƙata. Idan ya ce sai Chrome 120, kai kuma kana kan 109, rumbun Chrome ba zai turo maka sabon ba, kuma ba zai yi maka bayani ba. Za ka ci gaba da zama da tsohon har ranar da ya daina aiki. Idan kuma ka cire shi da nufin sake sakawa, kana iya rasa shi gaba ɗaya, domin rumbun ba zai ba ka tsohon ba, sabon kuma ba zai shiga ba. Wannan ne babban dalilin da ya sa na ce kada a yi gaggawar cirewa.

Ga mai Windows 7 ko 8.1, ra'ayina a fili yake: ya koma Firefox 115 ESR. Mozilla, mai ƙera Firefox, ta ci gaba da aiko mata da gyaran tsaro bayan Google ya daina kula da Chrome 109, kuma shafin kowane fulogin a rumbun Mozilla yana da jerin tsofaffin sigoginsa, inda aka rubuta wace Firefox kowanne ke aiki da ita.

Sai dai akwai abu biyu da za su iya tare ka. Na farko, a ranar 14 ga Maris 2025 wata babbar takardar shaida da Firefox ke tantance fulogin da ita ta ƙare. Duk wanda Firefox ɗinsa ba ta kai siga ta 128 ba, ko 115.13 a layin ESR, yana iya wayar gari ya ga an kashe masa duk abin da ya ɗora, bidiyo masu kariya ma su daina kunnuwa. Idan a about:addons ka ga an jera su duka da gargaɗin cewa ba a iya tantance su ba, wannan ce matsalarka, kuma maganinta ɗaya ne: sabunta Firefox ɗin kanta. Irin haka ta taɓa faruwa a farkon Mayun 2019, lokacin da wata takardar ta ƙare fulogin suka mutu a duniya baki ɗaya, sai da Mozilla ta fitar da gyara. Na biyu, tun daga siga ta 100, Firefox ba ta shiga Windows 7 sai an saka wani gyaran Microsoft mai lamba KB4474419. Yawancin kwamfutocin da aka yi wa sabon zubi a shago ba su da shi, saboda an kashe musu sabuntawar Windows tun ranar farko don tattalin data. Nemo shi a shafin "Microsoft Update Catalog", ka zaɓi wanda ya dace da injinka, 32-bit ko 64-bit. Danna maɓallin Windows da Pause zai nuna maka wanne ne naka. Sai an fara saka "Service Pack 1" kafin shi.

Wajen sauke burauza, daga shafin mozilla.org kaɗai za ka ɗauko. Nemi cikakken fayil ɗin sakawa, ba ɗan ƙaramin da ke ci gaba da saukewa yayin sakawa ba. Idan intanet ɗinka na yankewa, sauke cikakken a wurin da layi ke da ƙarfi ka kawo a filasha.

Yanzu sai fulogin ɗin kansa

A Chrome, rubuta chrome://extensions. A kusurwar dama ta sama akwai makunni mai suna "Developer mode". Kunna shi, wasu maɓallai za su bayyana, ciki har da "Update". Kafin ka danna, lura da lambar sigar da ke gefen sunan fulogin ɗin. Danna, jira minti ɗaya ko biyu, ka sake duba lambar. Idan ta canja, an gama. Idan a ƙarƙashin sunan an rubuta "This extension may have been corrupted", danna "Repair". Wannan yakan faru idan wuta ta ɗauke ko data ta ƙare ana tsakiyar saukewa. Bayan ka gama ka kashe "Developer mode".

A Firefox, rubuta about:addons, danna alamar saiti mai kama da giyar inji da ke sama, zaɓi "Check for Updates". A wannan jerin ka tabbata akwai alamar zaɓi a kan "Update Add-ons Automatically".

Masu Windows 10 da sabuwar Chrome suna da tasu matsalar daban. Google ya sauya ƙa'idar gina fulogin daga wadda ake kira Manifest V2 zuwa V3, kuma tun 2024 ya fara kashe waɗanda ba su koma sabuwar ba. Idan ka ga saƙon cewa an kashe wani saboda ba a tallafa masa kuma, kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Fitaccen misali shi ne mai toshe talla uBlock Origin. Ko dai ka saka uBlock Origin Lite, wanda aka gina bisa sabuwar ƙa'ida, ko ka yi amfani da cikakken a Firefox inda yake aiki har yanzu.

Idan kuma matsalar ita ce bidiyo ko waƙa a shafukan da ake biya sun ƙi kunnuwa, Widevine za ka duba. A Chrome rubuta chrome://components, gangara zuwa "Widevine Content Decryption Module", danna "Check for update". Idan sigar ta nuna 0.0.0.0, bai sauka ba ke nan. A Firefox shiga saiti, nemi "Play DRM-controlled content", cire alamar, rufe burauza, buɗe, ka mayar da alamar. Wannan yana sa ta sake sauke shi. Ba shi 'yan mintuna.

Abubuwan da ke tare hanya

Idan duk wannan bai yi ba, wani abu ne ke tsaye tsakanin burauza da intanet, ko tsakaninta da faifan ajiya. Buɗe "Computer" ka kalli C. Idan layinsa ya yi ja, babu wurin da sabon abu zai sauka. Danna Windows da R, rubuta cleanmgr, ka bar shi ya share tarkace, sannan ka kwashe bidiyon biki da hotuna zuwa wani wurin.

Sai manhajar riga-kafi. Da yawa daga cikin waɗanda ake saka wa kwamfuta a shago sun daɗe da ƙarewa, amma suna nan suna leƙa duk abin da ke shiga da fita ta hanyar tsohuwar takardar shaidarsu. Cire wadda ta mutu ka saka mai rai. Daga nan rubuta inetcpl.cpl a akwatin Windows da R, shiga "Connections", sannan "LAN settings". Idan akwai alama a kan "Use a proxy server" kuma ba kai ka saka ba, cire ta. Kwamfutar da ta fito daga wani ofis takan zo da wannan saitin, tana ta neman hanyar da babu ita a gidanka.

Akwai kuma wani ɗan fayil mai suna hosts a C:\Windows\System32\drivers\etc. Buɗe shi da Notepad. Layukan da suka fara da alamar # ba komai ba ne. Amma idan ka ga adireshin Google ko Mozilla an jera su gefen 127.0.0.1 ko 0.0.0.0, an toshe su ne da gangan, galibi aikin manhajojin sata ne da aka saka. Goge waɗannan layukan. Sai ka buɗe Notepad ta "Run as administrator" kafin ya yarda ka adana.

Abu na ƙarshe a nan ya fi sauran haɗari. Idan Chrome ta rubuta "Managed by your organization" alhali kwamfutar gida ce, rubuta chrome://policy ka ga abin da aka ɗora. Wani lokaci riga-kafi ce ta saka, wani lokaci kuma muguwar manhaja ce ta kafa fulogin ɗin da ba ya ciruwa, ta kuma hana sabuntawa. Fulogin ɗin da ba ka san shi ba, wanda maɓallin cire shi ya dushe, alama ce ta a yi wa kwamfutar cikakken bincike kafin a sake shigar da wata kalmar sirri a cikinta.

Gwajin sabon mazauni

Burauza tana ajiye saitinka da tarihinka da fulogin ɗinka a babban fayil guda, kuma bayan shekaru da yawan ɗaukewar wuta yana iya lalacewa. Ba sai ka goge komai ba kafin ka gane. A Firefox rubuta about:profiles, danna "Create a New Profile", buɗe shi, ka saka fulogin ɗin nan guda ɗaya. A Chrome danna hoton da ke sama ta dama ka zaɓi "Add". Idan ya shiga ya yi aiki a sabon, tsohon ne ya lalace. Shigo da shafukan da ka adana a filasha, ka mayar da fulogin ɗinka ɗaya bayan ɗaya, kana gwadawa bayan kowanne, don ka kama wanda ke rikita sauran. Ka kuma rage yawansu. Injin da ke da RAM na 2GB ba zai ɗauki fulogin goma ba.

Idan an kai bango

Microsoft ya daina kula da Windows 7 a ranar 14 ga Janairu 2020, da 8.1 a Janairun 2023, Windows 10 ma wa'adinta na gama-gari ya cika a 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da ke kan XP ko Vista kada a ɓata lokaci a kanta wajen intanet, a bar ta ga buga takardu. Mai Windows 7 da ya bi matakan nan zai iya samun burauza mai aiki, amma ina roƙonsa kada ya yi harkar banki a kanta, ya yi a wayarsa. Kuma kada ya sauke fulogin daga shafukan da ke rarraba tsofaffin fayiloli, domin fulogin yana iya ganin duk abin da ake rubutawa a burauza.

Idan injin 64-bit ne kuma yana da RAM na 2GB zuwa sama, 4GB ya fi, Linux Mint mai fuskar Xfce kyauta ce kuma tana zuwa da Firefox ta zamani wadda ke sabuntuwa tare da tsarin. Ana iya ɗora ta a filasha a kunna kwamfutar daga nan ba tare da an taɓa Windows ba. Yi haka tukuna, ka gwada ko Wi-Fi da sauti da firintarka suna aiki, ka kwashe fayilolinka zuwa wani wuri, sannan ka yanke shawarar sakawa.